Ranar Da Aka Hana Kawu Ruwa

Gonar tumatir ɗin kawuna tana can ƙarshen kanal, ta wajen Bunkure, inda ruwa ke isowa bayan kowa ya sha ya ƙoshi. Wata shekara, tumatir ya fara fure ke nan, sai ruwan ya ɗauke mana gaba ɗaya. Da aka bi sawu, aka tarar bututun da ya ratsa ƙarƙashin titi ne ya toshe da ciyawar kachala da tsofaffin buhunan taki, har da mushen tunkiya.

Maza suka cika bakin kwalbatin, kowa da shawararsa. Ban taɓa ganin masana da yawa haka a wuri ɗaya ba, kuma duk cikinsu babu wanda ya naɗe ƙafar wando. Kawu ne ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya shiga. Ya yi ta jawo ƙazanta har ruwan ya ɓalle da ƙarfi, ya maka shi da kankare. Da muka jawo shi, ƙaurinsa ya karye.

To, daga ranar aka fara son Kawu. Gida ya cika da 'yan dubiya. Shugaban ƙungiyar masu ban ruwa ya zo da babbar riga, ya tsuguna gefen tabarma daidai yadda zai fito a hoto, ya ce, “Malam, irinku ne gwarzayen ƙasa.” Samari suka baza hoton a waya da kirarin Turanci. Har waɗanda ba sa amsa sallamarsa da, sai ga su suna ba da labarin yadda suka riƙe igiyar. In da gaske ne duk sun riƙe, da igiyar ta kai garin Kura.

Muna da doka a ƙungiyar: wanda bai fito gayyar yashe kanal ba, ba a buɗe wa gonarsa ruwa a zagaye na gaba. Gayyar ta faɗo Kawu yana kwance da ɗori. 'Ya'yansa duk mata ne, suna gidajen mazajensu, ni kuma na tsaya wa gonar mahaifina, aka ce mutum ɗaya ba ya cike gurbi biyu. Ranar ban ruwa aka toshe bakin gonarsa da laka.

Na sami shugaba a ƙofar gidansa, raina a ɓace. Na ce, “Ranka ya daɗe, ai a cikin bututunku ƙafar ta karye.”

Ya ce, “Ɗana, kowa ya sani, Allah ya saka masa. Amma doka doka ce. In muka sassauta wa gwarzo yau, gobe kowa sai ya tashi gwarzo.”

Na juya na koma gida.

Kawu ya matsa sai ya ga gonar da idonsa, na goya shi a babur muka je. Furen duk ya zube, ganyen ya langaɓe, ƙasa ta tsage. Ruwa kuwa yana wucewa ta gefenmu, kanal cike taf. Maƙwabcin Kawu na tsaye cikin kunyoyin gonarsa, ruwa har idon sawu, ya ɗaga fartanya ya ƙwala masa kira.

“Sannu gwarzo! Ruwan nan naka kam yana zuwa, ba a magana!”

Kawu ya ce, “Madalla.” Sannan ya taɓa kafaɗata, ya ce in mai da shi gida.