Ranar da Na Yi wa Iya Satar Magariba

Iya, kakata ta wajen uwa, maza biyu gare ta a New York, kuma ba ta ɓoye wa kowa. Akwai Maigidan Gida, wato Habibu ɗan kawuna, wanda suke zaune tare a hawa na huɗu a Highbridge. Akwai kuma Maigidan Ƙetare, ni ke nan, saboda mu a St. George muke, sai mun hau jirgin ruwa sannan mu hau na ƙasa kafin mu iso wurinta ran Asabar. Wasan kaka da jika ne, kowa ya sani. Ni dai ina ɗan shekara tara ban ɗauke shi wasa ba.

Murhu babu a gidan, sai hita ta ƙarfe a gindin taga, mai tari kamar tsohon da ya sha taba. Nan Iya ke shimfiɗa tabarma ta jingina, ta fasa goro, ta ce ga ta nan ga ta nanku. Habibu ya amsa da Hausarsa garau, don a Damagaram aka yaye shi. Ni kuwa ina ji sarai, amma in na buɗe baki Turanci ke riga fitowa. Wannan kaɗai ya ishe ni jin haushinsa.

Doka ɗaya gare ta: ba ta tatsuniya sai rana ta faɗi ta yi sallar magariba. Ta ce mai tatsuniya da rana ɓacewa yake yi a hanya. Da sanyi dokar ba ta dame ni ba, tun ƙarfe biyar gari ya yi duhu, mu kuwa ba ma tashi sai takwas.

A ƙarshen sanyin nan ne ta ɗauko labarin Tasalla, dogo, kowace Asabar ta yanko mana kaɗan. A zamanin da ake gina ganuwar birane, in ji ta, an yi wata mace mai suna Tasalla, mahaifinta ya rasu ya bar mata rumbunan gishiri. Maƙwabcinta Madugu Ɗanjuma ya nemi aurenta. Mutum ne mai kirki, yana da ayarin raƙuma, in ta aure shi gishirinta ya sami mai kai shi kasuwa, ita kuma ko ƙofar unguwa ba za ta bari ba. Amma zuciyarta tana wajen Bawa, wani masaƙi a ƙetaren kogi wanda ba ya zuwa sai ranar kasuwa, ba shi da komai sai masaƙarsa da bakinsa mai daɗi. Dangi suka ce na kusa shi ke kashe gobara. Tasalla ta ce a ba ta damina ɗaya ta yi tunani.

Ba sai an gaya mini ba, na san wane ne Madugu, na san wane ne Bawa. Abin da ban sani ba shi ne wanda Tasalla za ta zaɓa, kuma a raina amsar nan ita ce za ta nuna wanda Iya ta fi so.

Sai rana ta fara yi mini mugunta. Kowane mako tana ƙara jinkirin faɗuwa, rabona na labari yana raguwa. Da zafi ya kankama, magariba ta koma bayan takwas. Mama za ta ce in sa takalmi kada jirgi ya wuce mu, in fito ina waige, ga Habibu ya miƙe ƙafa kusa da tabarma yana ɗaga mini hannu. A cikin jirgin ruwan nan na sha kallon rana tana faɗuwa, ina jin kamar in yi kuka, don na san a daidai lokacin Iya tana fasa goro ba da ni ba.

Idon Iya ya yi rauni, dogayen gine-gine kuma sun tare mata yamma, saboda haka mu ke duba mata takardar lokutan sallah da ke manne a jikin firij. Wata Asabar Mama tana hawa na biyu wajen ƙawarta, aka aiki Habibu kanti sayen madara. Na ja labule mai kauri na rufe tagar ruf, na kunna fitila, na tattaro 'yar Hausata na ce mata lokaci ya yi. Ba ta yi musu ba. Ta yi alwala, ta yi raka'a uku, ta jingina, ta fasa goro ta miƙo mini ɓari ɗaya. Damina ta ƙare, in ji ta, Tasalla ta tara dangi a zaure, ta ci ado, ta miƙe za ta yi magana.

Ƙofa ta buɗe. Habibu ya shigo, ya tambayi dalilin zama cikin duhu, ya ja labule. Rana ta zubo har kan dardumar Iya.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta kalli hasken, sannan ta ce, "Maigidan Ƙetare, saboda tatsuniya ka sa na tsaya gaban Ubangijina kafin ya kira ni?"

Mama ta ji, ta ce ni da Highbridge sai na yi hankali. Kafin in yi hankalin, ciwon ƙafa ya matsa wa Iya ta ce a mayar da ita gida Damagaram. Can ta rasu bayan shekara biyu.

Shekara ashirin ban tambayi Habibu ƙarshen labarin ba, girman kai ya hana. Sai bara, ranar ɗaurin aurensa a Parkchester, muna tsaye a bakin masallaci ana rabon goro, tambayar ta kuɓuce mini. Ya yi dariya har ya riƙe kafaɗata.

"Serious, har yanzu? Madugu ta aura mana. Ta zauna lafiya, ta haifi 'ya'ya. Amma duk ranar kasuwa sai ta je bakin kogi ta zauna har yamma." Ya daina dariya. "Kai ka san ni nake kai ta asibiti, ni nake hawa da kayanta bene huɗu. In na ce ta ci gaba da Tasalla ran Talata, sai ta ce a'a, wannan na Asabar ne. Sai da za ta tafi ta ƙarasa mini, a mota, hanyar airport. Ta ce in ka tambaya in gaya maka. Ba ka tambaya ba."

Ashe shi ma ya daɗe yana jin haushina. Na gane yanzu abin da tsohuwar ke nufi: wanda ake zama da shi daban, wanda ake jira daban, kuma kowannensu yana ganin ɗayan ne ya ci riba. Ya kamata wannan ya sanyaya mini rai, ya ɗan sanyaya kuwa. Amma da na hau jirgin ruwa da yammar nan, ɓarin goro a aljihuna, sai na ji tsohon haushin yana nan inda na bar shi. Habibu a bakin Iya ya ji ƙarshen labarin, ni kuwa a bakin Habibu na ji.