Jiminar da Baba Ya Je Gani

Sallar asuba kawai muka idar muka bar Matamai, ni da Baba da ƙanena mai tuƙi. Likita a Damagaram ya ce yanar idon Baba ta yi nisa, abin da ya rage masa na gani kaɗan ne. Da muka tambaye shi abin da yake so, sai ya ce a kai shi ya ga jimina. Rabonsa da ita tun yana saurayi yana bin ayarin raƙuma.

Mun karya da ƙosai a Mirya, mai tuyar tana ƙirga shi kamar zinariya. Daga nan sai ramuka da jandarmomi har Gure. Baba bai yi gyangyaɗi ba. Yana ta ba mu labarin yadda a da, kafin ka hango jiminu, tafin ƙafarka zai ji gudunsu a ƙasa.

Da la'asar muka isa wani daji da aka kewaye da waya, inda ake kiwon 'yan jiminu kaɗan da suka rage. Mai kula da su ya ce jimina ta yi wa fukafukanta nauyi, ƙashin ƙirjinta kuma shafe yake, babu inda naman tashi zai kama. Ƙarfinta duk a cinya yake, da yatsu biyu kacal. A rami take ƙwai, macen ta kwanta da rana, baƙin namijin ya karɓe ta da dare.

Ga su nan gabanmu, dogaye, suna tsintar tsakuwa. Na riƙe kan Baba na juya shi saitinsu. Ya daɗe yana ƙura ido.

"Ɗana, inuwa kawai nake gani," in ji shi.

Zuciyata ta karye, don na san mun makara. Sai ya tuɓe takalmansa ya taka ƙasa, ya roƙi a kora masa su. Suka zabura, fukafukai a buɗe, ƙasa tana amsawa. Fuskar Baba ta washe. Nan take suka kai jikin waya suka ja birki.

Muka kamo hanyar gida. Na fahimci cewa shekarun da ya yi yana roƙon wannan tafiya ina ce masa sai baɗi, ganinsa nake cinyewa. Da muka shiga gida jikoki suka rufe shi da tambaya ko ya ga jimina.

"Na ji ta," ya ce. "Amma ba a bar ta ta gama gudun ba."