Muryar Kawu da Ba Mu Ɗauka Ba

Shekarar da ɗiyata Hadiza ta shiga jami'a a Gusau karatun aikin jarida, a cikinta kawuna ya rasu. Shi ne mai shelar ƙauyenmu, kusa da Nahuce. Jiya na ji ana cigiyar akuya da lasifika a kasuwa, sai ya faɗo mini a rai.

Bai taɓa shelar abin da idonsa bai gani ba. Ko rasuwa aka aiko masa, sai ya taka zuwa gidan tukuna.

Da hutu, malamin su Hadiza ya ce kowa ya ɗauko muryar wani dattijo a waya. Muka iske Kawu a zaure yana ɓarar gyaɗa, bakinsa ja da goro.

Hadiza ta ce, "Kaka, yaya kake tabbatar da labari?"

Ya yi dariya har da tari. "Amaryata, ashe har wannan ake zuwa birni koyo? Bari in gama girbi, in zauna in ba ki duka."

Ta dube ni, yatsanta a kan wayar. Na ce ta yi haƙuri, tsoho ba inda za shi. Ni na hana ta.

Ba a kai ga yankan dawa ba ya tafi. Mun rasa muryarsa, da kirarin da yake buɗe shela da shi, da sunayen masu shela shida da suka gabace shi. Biyu kawai nake tunawa, su na fara rubutawa da na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa kira mai daɗi ne zai tashe shi.