Sistar da Ta Auna Mu da Ledojinmu

Tun kafin a busa ƙahon shiga aiki a kamfanin ɗinkinmu, Sista ta riga ta buɗe ɗan ɗakin jinyarta da ke ƙarƙashin matakala. Ta goge sikeli, ta warware abin awon jini, ta ɗora ruwan zafi. Daga nan sai ta zura safar hannu ta bi layin kekuna tana leƙa kwandunan shara ɗaya bayan ɗaya. Saboda wannan leƙe ne muka laƙaba mata Sarauniyar Bola, kuma da tsiya muka raɗa sunan. A ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, ni kuwa na rantse ba za ta fita ƙofar nan shiru ba.

A da muna da kicin a kamfanin, da mai girki, da hutun rana wadatacce. Wata shekara aka ce kicin asara ne, aka garƙame shi da kwaɗo, aka gutsure hutun, kamfani ya buɗe shago a gefen kicin ɗin. Biskit, taliyar leda, lemon kwalba, da wani burodi mai yin kwana da kwanaki bai san tsami ba. Muka koyi ci da hannu ɗaya, ɗayan yana kan keke.

Ba a daɗe ba Sista ta fara ganin abin a awonta. Matasan da ko furfura ba su yi ba jininsu na hawa, sukari na bin layi. Hankalinta ya tashi, ta shiga tambayar kowa abin da yake ci. Da ta zo kan Dogo, mai yankan yadi, sai ya dafa ƙirji.

"Sista, ni fa sau ɗaya nake cin abinci. Sai na koma gida, abin da uwar yara ta dafa."

"To wannan tumbin gadonsa ka yi?"

Ta ja durowar teburinsa, ledoji suka zubo har kan takalminta.

"Haba Sista, wannan ai ba abinci ba ne. Riƙe ciki ne kawai."

Ba ƙarya Dogo ya yi ba. A wurinmu abin da bai hau wuta ba, ba a zuba shi a kwano ba, ba ya shiga lissafin ci. Tun daga ranar ta daina tambayar bakinmu. Ta samo ragowar yadi, ta sa aka ɗinka 'yan jakunkuna, ta ɗaura wa kowa ɗaya a jikin kekensa. Duk abin da ka ci, jefa ledar a ciki. Ƙarshen mako ta ɗora jakar a sikeli, sannan ta ɗaura maka abin awo a hannu. Wasu suka riƙa cusa nasu a jakar maƙwabci, ta kuwa kama su tas, domin ta san wanda ba ya shan lemo mai baƙi da wanda ba ya iya yini babu shi. Ba ta taɓa cewa leda kaɗai ke kawo ciwo ba. Cewa take yi, "Akwai gado, akwai zama wuri ɗaya. Amma masu jaka mai nauyi su suka fi zarya a ɗakina, ni dai abin da na gani ke nan."

Ranar da Dogo ya yanke jiki ya faɗi da almakashi a hannu, ita ta riƙe kansa har asibiti. Washegari ta hau bene wurin manaja ta ce a buɗe kicin, a mayar da hutu.

"Sista, aikinki bandeji da maganin ciwon kai. Wa ya sa ki binciken shara?"

"Ranka ya daɗe, cikin mutanenka nake bincike. Sharar shaida ce kawai."

Ya tuna mata cewa sunanta na cikin waɗanda za a ƙara wa girma, kuma hakan na iya canzawa. Tsoro ya kama ta, ta faɗa mini da bakinta, don tana da 'ya'ya a makaranta. Amma da ta sauko ba ɗakinta ta nufa ba. Layin mata ta je, ta zube musu buhunan ledar da ta tara, duk a wanke.

"Ku teloli ne ko ba teloli ba? Ku ɗinka mini labule."

Suka ɗinka kuwa, a ɗan guntun hutun nan da aka bar mana. Leda jikin leda, ja da rawaya da shuɗi, har da kalmasa a baki don kada a ce ba mu iya aiki ba. Ranar da manyan masu sayen kayanmu suka zo zagaye, sai ga labule tun daga saman kicin har ƙasa, ya rufe ƙofar da kwaɗonta, iska na kaɗa shi yana ƙara. Baƙi suka tsaya suna tambaya. Manaja ya aiko a sauke shi maza.

"A gaya masa kayansu ne," in ji Sista. "A shagonsu muka saya, mun cinye na cikin, ga ragowar mun dawo da ita."

Babu wanda ya taɓa labulen. Dogo, da ya dawo daga jinya a rame, ya jawo kujera ya zauna a gindinsa.

Ba a buɗe kicin a ranar ba, sai da aka sha ja-in-ja. Amma an buɗe. Mai girki ta dawo da tukwanenta, hutu ya dawo. Ƙarin girman Sista ne bai zo ba har yau. Waɗanda ta koya wa ɗaura bandeji sun zama manya a wasu wurare, ita tana nan ƙarƙashin matakala. Wannan abu yana ci mini rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Ke ce, Sista, wadda aka yi wa dariya ba ki sunkuyar da kai ba. Ke ce kika ɗauki ƙazantarmu da hannunki, kika nuna mana abin da muke zuba wa cikinmu. Mai sikelin da ba ya jin kunyar kowa, mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar da kika yi mana faɗa a kanta. Ku kuma da ke aiki a wasu wuraren, ku leƙa kwandon da ke ƙarƙashin teburinku, in abin da kuka gani ya tsorata ku, ku hau bene ku yi magana.

Yanzu ana raɗe-raɗin cewa jira ake ta tafi a mayar da kwaɗo. Jiya ma aka shigo da katan-katan na lemo da biskit, wai na walimar sallamarta. Suna nan jibge a tsakar gida, ko ɗaya ba a farke ba. A kicin za mu yi sallamar, a kwano, a zaune.

Ga masu jiran kuma, Dogo ya ce in sanar da su: labulen yana cikin durowarsa a ninke, kuma matan layi sun ce in bai isa ba za su ƙara masa tsawo.