Tagar da Ke Mbamba

Tun shekarar da muka gudo daga Mubi ban sake samun ɗakin da zan kira nawa ba. Gidan goggona muka sauka a Jimeta. Da ƙura ta lafa, mahaifiyata Dada ta kwashi ƙannena suka koma, ni na zauna saboda karatu. Katifata a falo take. Kafin kowa ya fito nake naɗe ta in tura bayan kujera, sai falon ya koma kamar ba wanda ya kwana a cikinsa.

Kwamfuta na karanta a jami'a. Da na gama, sai na fara gina shafin intanet na masu neman gidan haya na dogon zama. Ina tuna yadda Dada, farkon zuwanmu, ta riƙa bin dillalai cikin rana, daga Vinikilang har cikin Yola Gari, tana dawowa da kumburarrun ƙafafu. Na so mutum ya zauna a inuwa, ya buɗe waya, ya ga ɗakuna.

Aikin da na fi so shi ne ɗaukar hoto. In shiga keke in je gidan da babu kowa, a buɗe mini, in tsaya a tsakiya. Ɗakin da aka tashi daga cikinsa yana da wani irin shiru. Akwai ƙusar da aka taɓa rataye madubi, akwai tabon hayaƙin risho a bango. Nakan daɗe fiye da yadda aikin yake buƙata.

Masu gidaje kuwa hoto bai dame su ba. Kusan kowanne sai ya tambaye ni inda zai sa sharaɗinsa. Wani ya ce ban da 'yan gudun hijira, bai san da wa yake magana ba. Wannan na ƙi. Amma ɗaya sharaɗin, Musulminsu da Kiristansu duk bakinsu ɗaya: ma'aurata kawai, musamman in mace ce. Da na ga ba wanda zai ba ni gidansa in babu shi, sai na ƙera masa ɗan maɓalli.

A unguwar Mbamba na ga ɗakin. Ciki da falo ne a bayan gidan wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. Tagarsa tana kallon gonar masara, reshen gwaiba yana taɓa ƙarfenta. Nan take na ga inda teburina zai zauna.

Sau da yawa na koma, ina cewa hasken hoton bai yi ba. Dattijon yakan sa a kawo mini kindirmo, yana tsokanata wai ɗakin nan ya fi amarya shan hoto. Ran nan na yi ƙarfin hali na ce masa ni nake son kamawa.

Ya daɗe yana gyara zaman hularsa.

"Ɓingel am," ya ce, wato 'yata, "ba halinki nake shakka ba. Amma in na fito masallaci aka tambaye ni wa ke bayan gidana, me zan ce?"

"Ka ce 'yarka ce, Bappa."

"To ai shi ya sa. 'Yata ba za ta zauna ita kaɗai ba."

Da zan tafi ya tuna mini kada in manta da maɓallin nan nasa na ma'aurata. Na danna masa a gabansa.

Washegari na zauna a falon goggo ina gwada shafin kamar baƙuwa. Na zaɓi mace, na zaɓi marar aure. Ɗakunan suka ɓace daga taswira, na Mbamba a cikinsu. Komai ya yi aiki yadda na tsara shi.

Wani malamin makaranta da matarsa suka kama ɗakin. Shi ne gida na farko da aka samu ta shafina, har goggo ta yi mini guɗa. Hoton tagar kaɗai ban ɗora ba, yana nan cikin wayata. Da na bi ta unguwar bayan damina, na ga matar ta sa wa tagar labule mai kauri, an kuma sare reshen gwaibar saboda sauro.