Fanbel na Fatar Akuya

Ana ta shirin mulkin kai aka kai ni ɗakin miji a Mabera. Maigidana shi ke tuƙa taraktar ofishin gona, ni kuwa kaina ya kumbura, ko rijiya zan je sai na yi tafiyar matar direba.

Wata rana fanbel ɗin taraktar ya tsinke, wato ɗamarar da ke juya dainamo don batir ya samu caji. Aka ce sabo sai daga Kaduna. Babana baduku ne a Ƙofar Rini, da ya ji sai ya yanko jar fatar akuya ya ɗinka wani, har da ado a gefe, ya aiko wa surukinsa. Kai, ya yi kyau! Mutane har leƙe suke zuwa yi.

Amma da inji ya ɗau zafi sai fatar ta miƙe, ta riƙa sulɓewa, batir ya mutu murus. Kullum da safe sai unguwa ta fito turi, mu mata muna leƙe ta katanga muna shewa. Ga ruwa ya kusa shiga fadama ba a gama huɗar shinkafa ba, an kuma ce wa maigidana in bai gama ba za a ba wani taraktar.

Ya san inda ciwon yake sarai. To amma wa ya isa ya ce aikin surukinsa bai yi ba? Sai ya bi sauran kayan da sharri. Ya ƙara wa batir ruwa, ya kankare kawunansa, ya kwance dainamo ya hure, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ina kallonsa dariya na cina, tausayi kuma na cina.

Da abin ya ishe shi ya ce mini, kansa a ƙasa, "In kin tai gida, ki ɗan... a'a, bari dai."

Na yafa gyale na tafi. Ban ko zauna ba Baba ya jawo wata ɗamara daga ƙarƙashin buzunsa, ta ƙirgin bijimi, mai kauri, mummuna.

"Ɗiyata, tun randa anka ɗaura waccan nis san ba ta yi. Akuya miƙewa takai. Kunyar yaron nan nika ji, kar shi ce na raina mai aiki."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, Inna na ce mini marar kunya. Da gudu na koma Mabera, ɗamarar a kaina.

Ana ɗaura ta allurar caji ta tashi a ranar, maigidana kuma ya gama fadamar kafin ruwa. Har Baba ya bar duniya, su biyun ba wanda ya taɓa ɗaga wa ɗan'uwansa wannan magana. Ni kaɗai suka bar wa dariyar, kuma yanzu in na yi ta sai hawaye ya biyo.