Ranar da Sai-Ya-Huce Bai Kashe Inji Ba

A tashar masu babur ɗin haya da ke bakin kasuwa, babu mai kiransa da sunan yanka. Sai-Ya-Huce ake ce masa, shi kuma yana amsawa, don shi ya jawo wa kansa. Mutum ne da ya manyanta, ga furfura a gemu, ga tsohon babur guda ɗaya tal da shi ne cinsa, shi ne shan iyalinsa.

Halinsa ke nan: da zarar an shiga cunkoso da tsakar rana, sai ya murɗa makulli ya kashe inji, ya riƙa tura babur da ƙafafu kamar agwagwa. Fasinja ya yi ta tsaki a baya, ko a jikinsa. In aka matsa masa sai ya ce, "Sai ya huce. Iska ce ruwan shansa, kuma a tsaye ba ya samun ta." Kullum da safe kafin ya karya, yana tsugune da tsohon buroshi yana sakace laka daga tsage-tsagen jikin injin, sannan ya duba baƙin mai. Matarsa takan ce da yana duba ta rabin yadda yake duba wannan ƙarfe, da ta fi haka ƙiba.

Gaskiya yana da ban haushi, ni ma da na hau bayansa na ji a jikina. Amma samarin tashar nan sun sauya inji sun gaji, nasa yana nan yana tafiya.

Wata rana cikin tsananin zafi, mahaifiyarsa ta tashi numfashi yana sarƙe mata. An nemi mota a unguwa ba a samu ba. Ya ɗora ta a baya, matarsa ta ɗaure su tare da zani, ya kama hanyar asibiti. Suna hawa babban titi suka tarar wata babbar mota ta mace a tsakiya, hanya ta cushe har iya ganin ido.

Hannunsa ya kai kan makulli da kansa. Sai ya ji kan tsohuwar ya kwanta a kafaɗarsa, numfashinta yana fita da ƙyar. Ya janye hannun.

Ya shiga kutsawa tsakanin motoci a giya ta ɗaya, ya ja kaɗan, ya taka birki, ya sake ja. Zafin injin ya fara gasa masa ƙwauri ta cikin wando. Can sai warin ƙonannen mai ya taso, injin ya soma wani ƙaras-ƙaras da bai taɓa yi ba. Ya san abin da sautin yake nufi sarai, ya kuma ji tsoro ƙwarai.

"Ɗan nan," in ji tsohuwar a hankali, "abin naka yana ƙauri. Ga ruwa a gorata, zuba masa."

"A'a Inna, tsagewa zai yi. Ki sha abinki."

Ana hango ginin asibitin injin ya yi wata ƙara, ya ɗauke. Bai ko gwada tayar da shi ba. Ya jingine babur jikin wata katanga, ya gyara ɗaurin zanin, ya goya uwarsa ya ƙarasa da ƙafa. Aka karɓe ta, aka sa mata iska, kafin la'asar ta buɗe ido har tana faɗa wai an bar mata takalmi ɗaya a gida.

Da ya koma wurin babur, ya taka kik don ya tayar da shi, ya ji shi ƙam kamar ya taka dutse. Injin ya buga. Ya daɗe tsaye riƙe da kan babur ɗin, baƙin ciki ya cika shi, ga yara a gida, ga magani da za a saya gobe. Nadama kuwa bai yi ba, ko kaɗan.

Ya fara turawa a gefen titi, gumi har cikin ido. Wani mai babur da bai taɓa gani ba ya rage gudu kusa da shi.

"Baba, mai ne ya ƙare?"

"Inji ne."

Mutumin ya dubi babur ɗin, ya dubi furfurarsa. "Hau," ya ce. Da Sai-Ya-Huce ya hau, mutumin ya ɗora ƙafa a kan matakin baya na mataccen babur ɗin, ya ba nasa wuta, ya soma tura shi. Suka gangara haka, iskar yamma tana ta kaɗa injin da ya riga ya mutu.